Kafin ka ce "na saya": jagorar ɗan birni mai son 'yar gona a karkarar Kano da Jigawa

Da wuya ka sami ma'aikacin da ya fara hango ritaya, ko ɗan kasuwar da ya gaji da cunkoson Kwari da Singa, wanda babu wata 'yar gona a ransa. Eka biyu ko uku, da mangwaro a gefe, da 'yan tumaki, kowace kaka a sauke masa buhunan gero da wake a ƙofar gida. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kayan abinci suka yi tashin gwauron zabo, masu wannan buri suka ƙaru, har da matan da ke tara kuɗin adashi domin haka. Buri ne mai kyau, kuma ana cimma shi. Sai dai yawancin waɗanda gona ta zame musu alaƙaƙai ba a noma suka faɗi ba. Tun ranar ciniki suka sayo rigima, ko suka sayi ƙasar da ba za ta yi abin da suke so ba. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan abin da ke gaban biyan kuɗi.

Da farko, me kake so gonar ta yi maka?

Amsar ita za ta nuna maka inda za ka dosa. Mai son abincin gida kawai, gero da dawa da wake da gyaɗa, gonar tudu ta ishe shi, kuma ita ce mai sauƙin kuɗi. Mai son kuɗi su riƙa juyawa rani da damina sai ya nemi fadama ko gonar da ruwan kanal ke kai wa, ya kuma shirya biyan ninkin ba ninkin. Wanda kuwa jira yake gari ya cim masa ya yanka fulotai, fili yake nema, lissafinsa daban ne.

Ƙasar ma ba ɗaya ba ce. A kudancin Kano, su Tudun Wada da Doguwa, damina kan sauka da wuri ta kuma daɗe, ruwan shekara yakan kai milimita 1,000 ko ya haura. Nan ne gidan masara da dawa da waken suya. In ka nausa arewa ta Ɗambatta da Kazaure zuwa Ɓaɓura, Gumel da Maigatari, ruwan sai raguwa yake, ƙasar kuma rairayi ce, gero ne sarki, sai riɗi da zoɓo da wake da gyaɗa. A kwarin kogin Haɗeja, daga Wudil ta Ringim da Miga zuwa Auyo, shinkafa ake yi da damina, alkama da albasa da kayan miya da rani. Kura, Bunkure da Garun Malam kuwa ruwan madatsar Tiga suke sha, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, shi ya sa tumatirin Kadawa ya yi suna, shi ya sa kuma gonar can ba ta mai ƙaramin ƙarfi ba ce.

Ka kuma auna nisa da gaskiya. Gonar da ba za ka iya fita bayan asuba ka je ka yi abin da ya kai ka ka dawo kafin magariba ba, a shekarar farko za ka je ta da ɗoki, a ta biyu sai ta waya. Ka tambayi direbobin tasha halin tsaron hanyar, musamman yankunan da ke kusa da manyan dazuka da kan iyakar wasu jihohi.

Yi haya tukuna

Wannan matakin ne masu zumuɗi ke tsallakewa. Idan ka zaɓi yanki, karɓi hayar eka ɗaya a ƙauyen ka noma ta damina guda. A nan za ka san kuɗin huɗa da na ƙwadago na gaskiya, ka san wa ke cika alkawari, ka gane ko jikinka da aljihunka za su jure. Wata fa'idar ta fi wannan: gonar kirki ba ta cika kaiwa hannun dillalan birni ba. Mutumin ƙauye ba ya sayar da gona sai buƙata ta ci ƙarfinsa, aure ko jinya ko bashi ko kujerar Hajji ko rabon gado, kuma maƙwabta da dangi ake fara yi wa tayi. Wanda aka saba ganinsa a sahun masallacin garin ana gaya masa. Baƙon da ya zo da gilashin mota a rufe kuwa farashin Alhaji ake yanka masa.

Ganin gona: sau biyu, a lokaci biyu

Ba a cinikin biri a sama. Hoton waya da bidiyon dillali ba gani ba ne. Ka je da ƙafarka cikin Agusta, lokacin da ruwa ya yi marka, sannan ka sake komawa cikin Maris ko Afrilu da ƙasa ta bushe ƙayau. Kowane lokaci da abin da yake tonawa.

Da damina, fara da hanyar. Shin amalanke da kurar shanu na shiga? Motar da za ta kwaso amfanin fa? Gona da yawa masu araha dalilin arahar wani rafi ne da ke yanke su wata biyu cur. Daga nan ka dubi amfanin da ke tsaye, nata da na maƙwabta. Idan dawar maƙwabta ta yi baƙi-ƙirin ta wannan kuma ta yi rawaya ta tsugune, ko dai an ƙi ba ta taki ko ƙasar ta gaji. Zuwa ƙarshen damina ka sunkuya ka duba gindin gero da dawa. In ka ga wata ciyawa mai fure ja-ja zuwa shunayya ta mamaye kunyoyi, wuta-wuta ce, wasu su ce ƙuduji. Tsotsar saiwar hatsi take yi, irinta kuma yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ana maganinta da taki mai yawa da juya shuka zuwa waken suya da gyaɗa da irin da ke jure mata, amma aikin shekaru ne, sai a rage maka kuɗi saboda ita.

Da rani kuma tafi da shebur da galan ɗin ruwa. Haƙa rami zuwa gwiwa a wuri uku ko huɗu, har da lungun da mai gonar bai nuna sha'awar kai ka ba. Ɗebo ƙasar, yayyafa mata ruwa, dunƙule ta a tafin hannu. In ta ƙi haɗuwa ta zube, jigawa ce, ta gero da gyaɗa da riɗi da kankana, ba ta riƙe ruwa ko taki. In ta dunƙule amma ka latsa ta farfashe, ka dace, wannan kusan komai tana yi. In ta manne maka a yatsu tana santsi, laka ce, ta shinkafa da dawa, da wuyar huɗa. Idan shebur ya fara ƙara tun bai wuce taƙi ɗaya ba, marmara ce a ƙasa, saiwa ba za ta nutse ba. Fili mai ƙyalli da ko ciyawa ba ta fito masa ba fako ne. Fari-farin da ke kwance a saman ƙasar fadama kuwa kanwa ce ko gishiri, kuma ban ruwa ƙara shi yake yi in ba magudana.

Itatuwa ma suna ba da labari. Gawo a gona alheri ne, domin da damina yake kaɗe ganye, bai tare wa shuka rana ba ga taki a gindinsa. In gonar kusa da kogi take, ɗaga kai ka duba rassan. Busasshiyar ciyawa da tsummoki da leda da suka maƙale a reshe daidai ƙirjinka ba iska ce ta kai su ba, nan ruwa ya kai. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki masu yawa a Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja, kuma ba ita ce ta farko ba. Can ƙasa wajen Guri da Kirikasamma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, tana sa ya kwanta inda da can ake noma. Wannan bai hana sayen fadama ba, mutanen wurin suna cin arzikinta. Amma ka saye ta da sanin cewa wata daminar sadaka ce, ribarka a rani take.

Ruwa

In noman rani na cikin lissafinka, kada ka yarda da "ai nan ruwa na kusa". Je wurin maƙwabcin da ke ban ruwa ka tambaye shi bututu nawa aka zura masa, kuma ko ruwan na janyewa cikin Afrilu. Ƙaramin injin ban ruwa da ake ajiyewa a sama ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 zuwa 8. In ya fi haka sai rijiyar burtsatse da famfon da ake zurawa ciki, kuɗin ya canza ke nan. A yankunan da ƙarƙashinsu dutse ne, kamar yawancin kudu da yammacin Kano, da Dutse, Birnin Kudu, Gwaram da Kazaure, ana iya haƙa rijiya a tashi a tutar babu alhali ta maƙwabci na ambaliya, don haka a kira masu gwajin ruwa kafin a kira masu haƙa. Tsadar fetur ta sa manoma da yawa sun koma famfon sola. Yana da tsada a farko, yana kuma son mai gadi.

Gonar da ke cikin tsarin noman rani na gwamnati, irin na Kadawa ko na Auyo da ke ƙarƙashin Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, ana biyan kuɗin ruwa, akwai kuma ƙungiyar masu amfani da ruwa. Nemi shugabanta ka ji ko akwai bashi a kan gonar. Ka kuma lura a ina take a jikin kanal, domin na wutsiya sai na gaba sun ƙoshi yake gani.

Gonar ta wace ce?

Nan ne gizo ke saƙa. Ka ba wannan mataki lokaci fiye da duk sauran.

A dokance, tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da kake saya haƙƙin zama da amfani ne. A ƙasar da ba a ayyana ta cikin birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya, har zuwa hekta 500 in ta noma ce, kuma canjin hannu na buƙatar amincewarta. Amma a aikace yawancin gonakin ƙauye ba su da ko fallen takarda. Shaidarsu tana bakin dattawa da mai unguwa da dagaci. Saboda haka bincikenka da baki da kunne za ka yi shi.

Tambaya ta farko ga mai sayarwa: yaya aka yi gonar ta zo hannunka? In ya ce saya ya yi, ya kawo takardar da shaidun da ke raye. In ya ce gado ne, kuma mafi yawa gadon ne, to tambaya ta biyu ita ce mai muhimmanci: an raba? Wa ya raba, malami ko alƙali, su wa suka halarta? A gidaje da yawa uba ya rasu shekara ashirin, babban wa ya ci gaba da riƙe gandu, kowa na ce da gonar tasa, alhali akwai rabon ƙannensa mata da ke aure a wasu garuruwa, da na ƙanin da ya tafi cirani kudu bai dawo ba, da tumunin matar mamacin, da na marayun wani ɗan'uwa da ya rasu daga baya. Yau sun yi shiru don kunya da kara. Ranar da suka ji baƙo ya saya, ko suka ga ka zuba taki gona ta yi kyau, ranar za ka ga sammaci.

Abin yi shi ne ka sa a lissafa maka magada ɗaya bayan ɗaya, ka kuma tabbatar da lissafin daga bakin wani dattijo da ba shi da ko sisi a cinikin. Kowane magaji baligi ya ji da kunnensa ya yarda. Mace a je har ɗakinta da muharraminta ta faɗi da bakinta, kada ka karɓi "ai na gaya mata" daga yayanta. Wanda ke nesa a kira shi a waya a gaban shaidu, ya kuma naɗa wakili. In akwai rabon maraya ƙarami, kada a taɓa sai da izinin alƙali a rubuce. In gadon ba a raba ba, ni shawarata ka ce su je su raba tukuna, kai kana nan. Akwai ma hukuncin shuf'a: a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a ke bi, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gonar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyar na da ikon mayar maka da kuɗinka ya karɓe, kuma wanda ke gari yana da wannan dama har kusan shekara guda. Ka ga kana iya yin sharar gona da kai taki wani ya zo ya ci moriyar.

Tambaya ta uku: wa ya noma ta bana? In ba mai sayarwar ba ne, nemo wanda ya noma. Wataƙila haya ce ta shekara uku da aka riga aka biya. Wataƙila jingina ce, wato an karɓi kuɗinsa an ba shi gona ya riƙa nomawa sai ranar da aka biya shi, kuma ba zai fita ba sai kuɗinsa sun fito. A warware wannan a gabanka, daga cikin kuɗin cinikin.

Sai ka je gaisuwa wurin mai unguwa da dagaci, kai kaɗai ko da abokinka, ba tare da dillali ba. Bayan an gaisa ka ce, "Ranka ya daɗe, gonar gidan su wane ce aka yi mini tayi, na ce ba zan sa hannu ba sai na ji daga gare ku." Ka kasa kunne sosai. In ya ce, "Tasa ce, mu muka raba musu, Allah ya sa albarka," madalla. In kuwa ya gyara zama, ya dubi na kusa da shi, ya ce, "To, Alhaji, a dai ƙara bincike," ya gama gaya maka komai. Dattijon ƙauye ba zai tona asirin talakansa a gaban baƙo ba, iyakar abin da zai yi maka ke nan. Liman da sarkin noma ma a gaishe su.

Saura haƙƙin hukuma da na jama'a. Tabbatar gonar ba ta ci burtali ko makiyaya ko mashaya ko gandun daji ba. Wanda ya sayi gonar da aka yanko daga burtali ya sayi faɗa da makiyaya na har abada, kuma ranar da hukuma ta tashi buɗe hanyar ba wanda zai saurare shi. Duba ko manyan wayoyin lantarki sun ratsa, ko akwai turakun awon titi, ko na layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai reshe zuwa Dutse, ko na bututun gas da ya taso daga Ajakuta. Gwamnati na da ikon karɓar ƙasa don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuma ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba kuɗin da ka sayi ƙasar ba. Sashen ƙasa na ƙaramar hukuma zai gaya maka abin da ya sani. In gonar kusa da birni take, a bincika a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, ko ma'aikatar ƙasa a Dutse.

Iyaka da awo

Ranar zagaya iyaka a kira duk maƙwabta, gabas da yamma, kudu da arewa, da mai unguwa. A taka da ƙafa kusurwa zuwa kusurwa. Iyakar ƙauye kan zama layin gamba, ko cini-da-zugu, ko wata kunya da ba a nomewa, ko "daga tsamiyar can zuwa surin nan". Suri yana rushewa, gamba kuma garma na cinta kaɗan-kaɗan kowace shekara. Duk kusurwar da aka yi ittifaƙi a kanta a kafa turken siminti nan take, kowa na kallo. In maƙwabci ya yi gyaran murya ya ce, "A'a, Malam, da dai nan take," a tsaya a warware kafin a ɗaga ƙafa.

Kada ka sayi gona da ido. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuma 4,047, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, kuma in an ce maka kadada ka tambaya wacce ake nufi a cikinsu. Akwai manhajojin waya da za ka riƙe ka zagaya su ba ka girman, sun isa a yi ciniki da su. Na takarda kuwa sai ma'aikacin safiyo mai rajista. Ka kuma tambayi itatuwa: ɗorawa da kuka da tsamiya da giginya suna cikin cinikin? A wasu wuraren ana sayar da gona a bar wa wata gyatuma ɗorawarta. Ba laifi ba ne, amma a rubuta.

Ciniki da takarda

Lokacin da ya fi dacewa bayan kaka ne, gona ba kowa, kai kuma ka sami rani ka kai taki. In akwai amfani a tsaye, a faɗi wanda zai girbe. Kafin ka taya, ji nawa aka sayar da gonaki biyu ko uku na kusa a 'yan shekarun nan. A yanke la'adar dillali tun kafin a fara, a san wa zai biya. In an ce albarka kada ka ji kunyar tashi ka tafi, gonar ƙauye ba ta ƙarewa a rana ɗaya. Duk cinikin da aka ce maka "akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe" a bar wa Alhajin. Kafin alƙalami ma kada ka bayar sai binciken da ke sama ya kammala.

Ranar biya a zauna a zauren dagaci ko ƙofar gidan mai unguwa, da rana tsaka. Takardar ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da mai saya, inda gonar take, girmanta, sunan maƙwabcin kowace kusurwa, kuɗin da aka biya da lamba da kalmomi, yadda mai sayarwa ya same ta, da cewa babu jingina ko haya a kanta. A karanta da ƙarfi da Hausa kowa ya ji. Magada duka su sa hannu ko su dangwala, shaidu daga ɓangarori biyu, sannan mai unguwa da dagaci da hatiminsu, a kai wa hakimi in haka al'adar masarautar take. Kuɗi ta banki zuwa asusun mai gonar da sunansa, ba na dillali ba, ba na ɗansa ba. In magada ne, a raba a gabanka. A ɗauki hoto. Mace mai saye ta tabbatar sunanta ne a takardar, ko da mijinta ko yayanta ne ya tsaya mata.

Takardar dagaci hujja ce mai ƙarfi a kotu, amma ba ita ce shaidar da doka ta ambata ba. Kai ta ƙaramar hukuma ka nemi shaidar mallaka, in da hali lauya ya rubuta maka yarjejeniya. C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamna, mai wa'adin shekara 99 a galibi, ya fi tsada da ɗaukar lokaci. Ga gonar eka biyu a cikin lungu ba gaggawa, ga wadda ke bakin titi ko za ka gina wani abu a kanta kuwa a fara nemansa da wuri.

Kuɗin da ya rage, da wanda zai riƙe maka

Kada ka zuba duk abin da ka tara a ƙasa. A ganina in kuɗin gona ya haura kashi biyu cikin uku na abin hannunka, ka sayi wadda ta fi ta ƙanƙanta. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga misali: cikakken takin da malaman gona ke ba da shawara ga hekta ɗaya ta masara ya kai buhu 8 na kamfa da buhu 2 zuwa 3 na yuriya, ban da iri da huɗa da maganin ciyawa da noman firi da maimai da girbi da sussuka da dako. Shi ya sa sabon shiga ya fi masa ya fara da gero da wake da gyaɗa ko riɗi, ya bar tumatir sai ya ƙware. Waɗanda suka ga abin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta yi wa tumatirin Kano a 2016 sun san dalili.

Da rani a kai takin gargajiya, ko a daidaita da Fulanin yankin shanunsu su kwana a gonar su ci kara su bar kashi. Sharar birni da ake kaiwa gona rabinta leda ce, a tace. Iri kuma a nemi ingantacce ta hannun malamin gona na KNARDA ko JARDA, hukumomin raya aikin gona na Kano da Jigawa: masarar SAMMAZ, gyaɗar SAMNUT da waken SAMPEA daga cibiyar bincike ta Samaru, geron SOSAT mai saurin nuna, shinkafar FARO 44. Hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon shekara ya cancanci saurare, musamman ga na arewa.

Mutumin da zai riƙe maka gonar ya fi taki muhimmanci. Ɗauki ɗan garin, magidanci mai gonar kansa, wanda dagaci ya san shi. Ku yi magana a fili: albashi ne, ko kaso daga amfanin, ko za ka yanka masa gefe ya noma wa kansa. Mai kaso ya fi mai albashi kula. Komai amincinsa, rana uku kada ka aika, ka je da kanka: ranar shuka, ranar zuba taki, da ranar auna amfani. Buhun takin da aka aika daga birni yana da ƙafa. In kuma wata shekara ba za ka noma ba, ka ba da aro ko haya a rubuce da shaidu, a riƙa sabuntawa. A fiƙihun Malikiyya akwai hukuncin hauzi: wanda ba danginka ba in ya riƙe ƙasa shekara 10 yana amfani da ita a matsayin tasa, kana gari kana gani ba ka ce uffan ba, da'awarka na iya faɗuwa. Takardar aro ce ke toshe wannan ƙofa.

Da kaka ka fitar da zakka a garin, ɗaya cikin goma ga noman damina in ya kai nisabi, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Bar wa mata masu kala abin da ya zube. Wake a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ba sai an sa masa guba ba. Harawa kuma kada a bari a ƙasa, a ɗaure a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki, kuɗi ce da bazara.

Mangwaro da gwaiba da 'yan tumakin da ka fara mafarki da su, su jira shekara ta biyu ko ta uku. Da zarar an kwashe amfani ake sakin dabbobin gari, kuma dashen da ba shi da kariya akuya ba ta bar masa ko ganye ɗaya. Waya mai ƙaya a kewaye eka biyu kuɗi ne mai yawa, ana kuma kwance ta da dare in ba kowa a wurin. Mafi sauƙi a kewaye kowane dashe da ƙaya ko zagayen bulo, a dasa shi farkon damina cikin Yuni ko Yuli, a kuma ajiye wanda zai riƙa ba shi ruwa tun daga Nuwamba har ruwa ya sake sauka, rani biyu a jere.